ZAMAN TARE: Goron gayya da takardar gayya

Kaka ta yi. An yanke hatsi, an ɗaure dammai, an zuba rumbu. Masu albasa na kwarin Tarka sun shiga garka. Daga yanzu har faɗuwar ruwa, da wuya mako shi wuce ba a ɗaura aure ba cikin garuruwan Madawa da Buza da Keita. Don haka filin wanga wata ya tsaya bisa gayya: yadda ake kiran mutane biki, da abin da ya kamata a rubuta in za a kira su da takarda. Maganar kamar ƙarama ce. Amma akwai ƴan uwa ciki ɗaya da sunka yi shekaru ba su ga maciji da juna. In anka bi asali, sai a tarar goro ɗaya ne bai kai ba.

Tun kaka da kakanni goro ne takardar gayyar Bahaushe. Ba shi fita ƙasar Adar, ba shi fita Gobir. Fatake ne ke ɗauko shi daga Gwanja, cikin ƙasar Gana ta yau, bisa jakkai, tafiyar watanni. Yau motoci ke kawo shi daga kudancin Najeriya da Gana da Kodibuwar. Abin da ya zo daga nesa, da tsada, da shi ake girmama mutum. Ƙwarya ɗaya goro 100 ce. Uban ɗiya shi sayi ƙwarya 2 ko 3, shi ba ƙanenshi ko wani dattijo, shi bi gida gida. Inda goro ya yi tsada ana haɗawa da dabino ko alawa. Wanda ya amshi goro ya san an tuna da shi. Ya kuma san ya ɗauki nauyin zuwa.

Goro na da aibi ɗaya: ba shi magana. Rana da wuri da lokaci duk suna bakin manzo. Manzo shi gaya wa direba, direba shi gaya wa yaron mota, yaron mota shi gaya wa mai tebur na tasha. Kafin saƙo shi kai, Asabar ta koma Lahadi. Da can abin bai cika ɓaci ba, don dangi na kusa da juna. Yanzu ba haka ba ne. Da wuya a samu gida cikin Adar da ba shi da ɗan bida. Wani na Abijan, wani na Legas, wani na Kamaru, wani na Libiya, wani na Yamai ko Agadas. Mutum shi bar sana'arshi, shi biya kuɗin mota kwana 2 ko 3, shi iso an kai amarya jiya. Kuɗi sun tafi, zumunci bai samu ba. Wanga rami shi takarda ta zo ta cike.

To, amma wace irin takarda? A dubi katin da ake bugowa daga Ƙwanni ko Maraɗi ko Tawa. Shina da kyau ga ido, ba gardama. Furanni ga kusurwa, zobe biyu ga tsakiya, rubutu mai ruwan zinariya. Sai dai mafi yawa da Faransanci ne. Baƙaƙen kuma ƙanana ne, masu lanƙwasa kamar yaɗon ƙwarya. Sunayen manyan gidaje 20 ko 30 sun cika takarda. Ranar biki, wadda don ita anka buga katin, tana can ƙasa an matse ta. Manomin da ya yi rani biyu shina koyon karatu, ya iya karanta takardar taki da ta awon albasa, sai ga shi riƙe da katin auren ɗan ƙanenshi shina neman ɗan lakkwal. Wanga ba burgewa ba ne. An biya kuɗi ne an mai da mai karatu jahili.

Takardar gayya ta gari ba ta da wuya. Ta faɗi wa ke kira, auren wa da wa, wace rana, wane lokaci, wane wuri. Ga misali, wanda kowa ke iya kwafa da bik:

GAYYAR ƊAURIN AURE
Malam Wane na Karofane da Malam Wane na Tabotaki, da danginsu baki ɗaya, suna gayyar ku ɗaurin auren ɗiyansu
WANE da WANCE
Rana: ASABAR, ..... ga watan .....
Lokaci: bayan sallar azahar, ƙarfe 2 da rabi
Wuri: Karofane, ƙofar gidan Malam Wane
Allah shi ba da ikon zuwa.

Shi ke nan. Layin da ya fi kowane girma shi zama layin rana.

Rana ita ce inda aka fi faɗuwa, don haka a tsaya kanta. Mutanen karkara na lissafi da wata biyu. Akwai watan sama, wanda tsofaffi ke riƙe da shi: watan Gani, watan Azumi, watan Layya da sauransu. Akwai watan Nasara, wanda ke bisa kalanda da salula. Watan sama kwana 29 ne ko 30. Shekararshi kwana 354 ce, ta gaza ta Nasara da wajen kwana 11. Don haka ba su taɓa tafiya kai ɗaya. Ban da haka, ganin wata na bambanta. An sha ganin Nijar ta ɗauki azumi yau, Najeriya gobe, ko a sha bamban ga ranar salla. Wanda ke Sakkwato da wanda ke Bangi suna iya saɓawa da kwana ɗaya bisa "10 ga wata". Abin da ba shi saɓawa shi ne sunan rana. Asabar ta Keita ita ce Asabar ta Abijan. Don haka a fara rubuta sunan rana da manyan baƙaƙe. A bi shi da kwanan watan Nasara. Mai so shi ƙara na sama daga baya. In ranar ta faɗa kusa da kasuwar da kowa ya sani, kamar ta Tunfafi ko ta Tamaske, a ce "washegarin kasuwa". Tsohuwar da ba ta san kalanda ba ta san ranar kasuwa.

Sunan wata a rubuta shi da baƙaƙe. Kada a bar shi lamba tsakanin sanduna kamar 03/04. Mai koyon karatu ba shi sanin wanne ne kwana, wanne ne wata.

Akwai kuma tarkon dare. Ga lissafin Musulunci dare ke gaba, rana na biye. Daren Juma'a shi ne daren da ke biyo faɗuwar ranar Alhamis. Ɗan boko kuwa in ya ce daren Juma'a, sau da yawa nufinshi bayan an wuni Juma'a. In anka rubuta "za a kai amarya daren Lahadi", rabin dangi za su zo Asabar da magariba, rabi su zo Lahadi. Kowa kuma da gaskiyarshi. Maganinta a rubuta "ranar Asabar bayan sallar isha'i". Ba mai ɓata nan.

Haka lokaci. Katin birni na rubuta "14 h 30". Agogon karkara ba shi da ƙarfe 14. A rubuta ƙarfe 2 da rabi na rana, a jingina shi ga salla: bayan asuba, da hantsi, bayan azahar, bayan la'asar. Kuma abin da anka rubuta a cika shi. In anka ce hantsi, liman shi ɗaura da hantsi. Wanda ya baro garkarshi ba ban ruwa, ko ya bar bisashe ga yaro ƙarami, bai zo wuni ba.

Wuri ba shi son dogon bayani, sai abu ɗaya. Garuruwa da yawa suna ɗaya gare su. Sabon Gida ba ɗaya ba ce, Sabon Gari ba ɗaya ba ne, Gidan Wane kuwa ba su ƙirguwa. A ƙara sunan babban gari na kusa. In ɗaurin aure na garin amarya, walima na garin ango, a ba kowane layinshi. In damina ta kusa, a tuna ruwan Majiya na tsare mutum wuni guda bakin gulbi. A aika gayya da wuri. Na nesa su samu wata guda, na kusa mako guda ko biyu.

Sai maganar baƙaƙe. Hausa na da baƙaƙe 4 masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Masana sun zauna Bamako cikin 1966 sun tsara rubutun Hausa da na wasu harsuna. An sake zama Yamai cikin 1980 don rubutun Nijar da na Najeriya su daidaita. Cikin 1999 gwamnatin Nijar ta tabbatar da ƙa'idar da ake bi yanzu. Tsofaffin ɗaliban yaƙi da jahilci na tuna lokacin da ake ninka wasali, a rubuta "gooroo". An bar wannan. Ƙugiya kuwa tana nan, kuma tana da aiki. Mai buga kati da yawa ba shi damuwa da ita. Sai "masaukin baƙi" shi koma "masaukin baki". Sai "ɗan Wane" shi koma "dan Wane". Kwamfuta ta yau na da waɗanga baƙaƙe, salula ma na da su. Mai biyan kuɗi shi ce a sa mishi. Kuma kada a buga 200 sai an buga ɗaya tak, an kai wa mutum biyu sun karanta da ƙarfi. In sun yi tuntuɓe wuri, a gyara wurin.

Bayan takarda fili ne, kada a bar shi banza. Dattawa da yawa da ba su san boko ba suna karanta ajami sarai. A sa almajiri mai kyan hannu shi rubuta rana da wuri da ajami ga bayan. Wajen Galma da Arzarori, inda Kel Geres suke, akwai masu karanta tifinag, rubutun Abzinawa. Layi biyu da rubutun mutum sun fi mishi furanni goma. Baƙin rubutu bisa farar takarda shi ya fi karantuwa, ko da fitila ko da hasken salula. Ruwan zinariya bisa ja ba shi ganuwa da dare.

Suna kuma a rubuta wanda gari ya sani. Mutum nawa ne ke da sunan yanka bisa takardar haihuwa, amma duk Garhanga ba wanda ya san shi sai da laƙabi? Ɗan fari ma sau da yawa ba a kiran sunanshi cikin gida, don kunya. In kati ya zo da sunan da ba a sani ba, sai a yi ta tambaya auren wa ake. A rubuta suna, a bi shi da laƙabi. Game da jerin dangi, nan fitina take. Wanda ya fara lissafa gidaje ba shi gamawa lafiya. In ya rubuta 20, na 21 ya ji haushi. In ya sa ƙane sama da wa, an samu abin faɗi har shekara. In ya sa alhajin da ba dangi ba don kuɗinshi, ya bar kawun amarya da ya yi renonta, kowa ya gani, don takarda ba ta mantuwa. Waliyyin ango, waliyyin amarya, sai "da danginsu baki ɗaya". Ba wanda anka fidda, ba wanda anka ɗora bisa wani.

Wasu na cika kati da ayoyin Alƙur'ani. Niyya mai kyau ce. Amma a bi katin bayan biki a ga inda shike ƙarewa. Wani na ƙasa ana takawa. Wani mai ƙosai ta naɗe ƙosai da shi. Wani iska ya kai shi juji. Malamai sun daɗe suna jan kunne bisa wanga. Addu'a gajera da Hausa ta wadatar. Hoton amarya ma haka. Fuskar ɗiyar mutane ba abin yawo ba ce hannun wanda ba a sani ba.

A yi lissafin kuɗi kuma. A ce mai bugawa ya yanke dala 40 ga kati ɗaya. Kati 200 sun tashi jika 40. A ce kuma fotokopi dala 10 ce ga babbar takarda. Babbar takarda ɗaya na ɗaukar gayya 4 in anka yanka ta. Takarda 50 sun ba da gayya 200, kuɗinsu jika 2 da rabi. Kowa shi sa farashin garinsu shi gwada. Abin da ya rage tsakani hatsi ne da ango da amarya za su ci cikin bazara. Kukan tsadar biki ba na yau ba ne. Zamanin Seyni Kountché, wanda ya riƙe ƙasa daga 1974 zuwa 1987, gwamnati da Ƙungiyar Matan Nijar, wadda anka kafa cikin 1975, sun yi ta kiran a rage ɓarnar bukukuwa. Lokacin ba a san katin zinariya cikin ƙauye ba. Yanzu ya zo ya hau bisa sauran kaya. Mai hali shi buga abin da shike so. Amma a sai da tunkiya don kati, wanga bai dace ba.

Duk da haka, akwai mutanen da takarda ita kaɗai ba ta kira. Wanga shi ne babban abin da samari ke mantawa. Hakimi ko maigari, liman, ƙanen uba, kawu, gwaggo, surukai, maƙwabcin da katanga ta haɗa: waɗanga ana zuwa da ƙafa. A yi sallama, a durƙusa, a gaisa, a miƙa goro, a faɗi da baki. Sannan a aje takarda, a ce "Baba, ga rana nan an rubuta, don kada a manta." Wanda ya aiko wa kawunshi kati ta hannun ɗan kabu-kabu, alhali garinsu ɗaya, ya gaya mishi matsayinshi ne ba da baki ba. Kawu kuwa ya ji. Zai yiwu shi zo, shi zauna nesa, shi tashi ba shi ci ba. Aikin takarda shi ne ta riƙe rana. Girmamawa aikin goro ne da ƙafa. Ɗaya ba ta ɗaukar kayan ɗaya.

Kati na da wata illa da goro ba shi da ita. Goro ana fasa shi, kowa shi samu ɓari. Kati ƙirgagge ne. In anka bugo 100, sai a fara zaɓe, kuma zaɓen na bin masu riga. Makaho na unguwa, da tsohuwar da ba ta da kowa, da baran gida, su ne ke faɗuwa. Cikin hadisan da Buhari da Muslim sunka ruwaito an zargi walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Don haka ko an raba kati, kada a hana sanƙira ko maroƙi zagaya gari. Liman ma shi faɗa masallaci bayan salla. Wanda kati bai kai gare shi ba, shi ji da kunnenshi cewa da shi ake.

Wajen mata gayya ta fi nauyi, don bashi ce. Mace ta kai wa ƙawarta gudummawar biki bara. Bana nata ya zo, ƙawa za ta maido, sau da yawa har da ƙari. In ba a gaya mata ba, an hana ta biyan bashi, an kuma nuna an yanke ƙawance. Uwar amarya ta zauna da ɗiyarta ko wata mai karatu tun da sauran wata guda. Su sayi kaye ɗaya. Shafin farko sunayen waɗanda za a kira, gari gari, ana sa alama ga wadda goro ya kai. Sauran shafuna na ranar biki ne: wance ta kawo kaza, wance ta kawo kaza. Kayen nan na dala kaɗan ya fi kowane kati amfani. Shi za a buɗe shekara 5 nan gaba, ranar da gardama ta tashi bisa wa ya kawo me.

Makiyaya kada a bar su baya. Da damina Fulani da Abzinawa na hawa arewa da bisashe, wajen Azawak da Ingal. Bayan kaka su gangaro cikin gonaki. Wanda garkenshi ke kwana gonar mutum kowace shekara, shina zuba mishi taki, ya wuce baƙo. A kai mishi goro har ruga ko zango. In ya yi nisa, a nemi nashi ga kasuwar bisashe ko bakin rijiya, a ba da goro da takarda tare. Shi ma makiyayi in nashi biki ya zo, shi tuna da mai gona. Wanda ya ci tuwon bikin wani, ranar da saniya ta shiga wake, magana ta fi sauƙin ƙarewa ƙarƙashin itace.

Salula ta rage wahala ƙwarai. Ana ɗaukar hoton takarda a aika WhatsApp, ɗan bida na Abijan shi gani nan take. Ana aika murya ga wanda bai iya karatu ba. Rediyon karkara ma na karanta sanarwa. Duk suna da kyau ga na nesa. Sai dai saƙon da anka watsa wa mutum 100 lokaci guda ba shi da mai shi. Wan uba da ke Libiya a kira shi shi kaɗai, a gaishe shi, a faɗa mishi kafin shi gani cikin taron samari. Kuma murya ta bi abin da ke rubuce. A riƙe takarda ana karantawa, don kada baki shi ce wata rana, takarda ta ce wata.

Wanda anka kira shi ma da nashi. Amsa gayya haƙƙi ne. In ba shi samun zuwa, shi aiko da uzuri da abin da ya sawwaƙa kafin ranar. Kuma kada ango shi ɗauka katin gayya takardar aure ce. Takardar aure ta hukuma daban take. Ana yin ta wurin masu rajistar haihuwa da aure, ga mairi ko wakilinsu na gari, kuma gara a yi ta da wuri.

Wani lokaci Allah na kawo rasuwa ko ciwo, a ɗaga biki. Nan takarda ke zama haɗari, don ita ba ta san an ɗaga ba. Tana can aljihun mutane tana faɗin tsohuwar rana. A buɗe kayen sunaye tun ranar. Duk wanda takarda ta kai gare shi, sabon labari shi kai gare shi ta hanyar da ta farko ta bi. A fara da na nesa, kafin su yanki tikitin mota. Katin da ya rage gida a soke tsohuwar rana da bik, a rubuta sabuwa sama da manyan baƙaƙe. Ba sai an koma Ƙwanni ko Maraɗi bugo wani ba.